Takun da Na Yi da Sunan Taubashina

Lokacin da muke tasowa a Tambuwal, babu wanda ya taɓa ƙirga takunsa. Mutum zai je gona da ƙafa, ya dawo da ƙafa, ranar kasuwa ya ɗora wa jaki kaya ya bi shi a baya, kuma ba za a ce ya yi wani abin faɗi ba. Tsoho yakan mutu da faso a dugadugansa. Yau daga ƙofar gida zuwa masallacin Juma'a sai an hau babur. Kusan duk dattijon da ka laluba, za ka sami ƙwayar hawan jini a aljihunsa, har ta kai waya ce ke tuna wa mutum cewa yana da ƙafafu. Taubashina ya ga wancan zamani, ya ga wannan, kuma a daminar bana ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ban taɓa ganin mutuwar tsoho ta ruɗa unguwa haka ba. Ladaninmu ya ɗauki lasifika zai yi sanarwa, ya fara, ya kasa kai ƙarshe, sai wani ya karɓa. Wani ɗan kabu-kabu ya taka birki a tsakiyar titi da fasinja a bayansa yana cewa, "Mai sanda? Mai sandan da nis sani?" Tsohon telan bakin kasuwa ya zo da zare rataye a wuyansa, ya zauna a ƙasa ba tabarma, ya ce, "In mai tafiya ya faɗi, ina labarinmu mu mazauna?" Wasu suka ce kwana biyu ba su gan shi a hanya ba, sun ɗauka ruwan sama ne ya tsare shi. Daga gefe kuma na ji wata murya ƙasa-ƙasa: "Tafiyar ga ce tac cinye shi. Ɗiya tai da wayarta, sun gaji da tsoho." Na ji da kunnena. Akwai wani abu a aljihun 'yar cikina wanda ruɗewa ta sa na manta da shi.

Shi ɗan goggona ne, ƙanwar mahaifina. Gidanmu gidan malamai ne, amma ita makiyayi ta aura, aka kai ta ruga a ƙasar Kebbe, a can ta haife shi. Saboda haka akwai wasa tsakaninmu tun muna yara, kuma furfura ba ta kashe shi ba. Ina kiransa ɗan nagge, yana kirana ɗan tasha. Dalilin wannan suna shi ne na yi shekaru ina fataucin fata da goro. Na zauna Yamai, na zauna Kumasi, na daɗe a Ikko, daga baya na yi wasu shekaru a Jidda. Duk lokacin da na dawo na buɗe baki zan ba da labarin ƙasashe, sai ya bari na yi nisa, sannan ya ce, "Kai mota tak kai ka, ni ƙafa tak kai ni. Ba ƙasa kas sani ba, tasha kas sani." Kuma da gaskiyarsa. Daga Kebbe har bakin ruwan Yawuri ya san kowace rijiya, ya san inda ciyawa ke fara fitowa, ya san garin da ake ba baƙo ruwa da wanda ake masa kallo.

Akwai wata ɗabi'a tasa da sai an san ta za a gane abin da ya biyo baya. Yana kunyar ɗansa na fari, kunya irin ta mutanen ruga. Bai taɓa kama sunansa ba. Bai taɓa zama ya yi hira da shi ba. Na ga Yarbawa suna kiran mutum da sunan ɗansa na fari a tsakiyar kasuwa yana amsawa da fara'a, na ga Larabawa ma haka, har wanda bai haihu ba sukan laƙaba masa. Shi kuwa taubashina, ɗan zai shigo zaure ya durƙusa, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, sai ya dubi bango ya ce mini, "Gaya ma mai shagon ga ya duba rufin ɗakin uwa tai." Ni kuma in juya in maimaita, ɗan ya amsa mini, in mayar. Sama da shekara arba'in, in dai ina kusa, ni ne hanyar da maganarsu ke bi. Ban taɓa jin nauyin aikin ba sai bana.

Wannan ɗan ne ya dawo da shi Tambuwal da girma ya kama shi. Ƙannen ɗan suka ci gaba da kiwo, shi tsohon kuma aka gina masa ɗaki, aka sayo masa kujera mai taushi, aka ce ya huta. Ɗan yana da shagon babura da kayan gyaransu, Allah Ya buɗa masa, kuma bai rage wa mahaifinsa komai ba. Cikin 'yan shekaru mutumin da yake kamar kara ya ajiye tumbi. Ciwon kai ya zo, jiri ya biyo. Autarsa, wadda take aikin jinya a Kebbe, ta zo da abin awo ta ɗaura masa a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta kai shi wurin likita a ranar. Aka ce hawan jini ne, aka ɗora shi a kan magani.

Ita auta ba ta cikin kunyar nan. Takan zauna a gefen kujerarsa ta yi masa faɗa yana dariya. Ina wurin ranar da ta kawo masa babbar waya, ban da ƙaramarsa mai madannai da yake amsa kira da ita.

"Baba, akwai manhaja cikin wagga waya, ƙirga taku takai. Kullum dubu biyar nika so. In ka cika, za ta yi maka tafi, ni ma ta sanar da ni can Kebbe. Magani kuma ba a fasa shi, tafiya ba ta maye gurbinai."

Ya juya wayar gaba da baya. "Ke nan ko ina niz zaga tana gani?"

"Tana ƙirgawa."

"Ɗan tasha, ka ji? Shekara hamsin ina kiwo, yau an kawo mai kiwona."

Ya yi mita, amma washegari da ya idar da sallar asuba ya ɗauko tsohuwar sandarsa daga bayan ƙofa. Da wayar ta yi tafin farko, irin tafin yara a taron makaranta, ya tsaya a bakin hanya ya dube ta, ya ce, "To, na gode." Daga ranar ya kama tafiya kamar wanda aka kwance.

Matsalar da ba wanda ya hango ita ce ladabin mutanenmu. A Ikko za ka faɗi a titi a tsallake ka. A Tambuwal dattijo ba ya taku ɗari wani bai tsaya da babur ya ce, "Baba, hau in kai ka" ba. Wata rana wani ɗan kabu-kabu ya bi shi a hankali tun daga bakin kasuwa, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa.

"Baba, wallahi kyauta."

"Na gode, tafiya nikai."

"Ai shi na gani. Ina za ka?"

"Ba ko'ina."

"Subhanallahi. Baba, ka san gidanku kuwa?"

Ya ɗauka tsohon ya rikice ne. Taubashina ya ba da wannan labari ya fi sau ashirin, kowane karo sai ya share hawayen dariya. Daga baya ya je har inuwar da 'yan kabu-kabu ke tsayawa ya yi musu bayani: idan suka gan shi ya gicciya sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwansa a kanta yadda makiyaya ke yi, to magani yake sha, a gaishe shi a wuce. Idan sandar tana ƙasa yana dogarawa, a tsaya. Daga nan ya sami sunan mai sanda.

Bai tsaya a kansa ba. Ladanin nan namu ya taɓa faɗuwa saboda hawan jini, tsoro ya kama shi, daga gida sai masallaci. Taubashina ya riƙa tsayawa a ƙofarsa kowace safiya yana kira, "Ladan, garke ya tashi!" har kunya ta fito da shi. Tela ya shigo, wasu biyu suka biyo, kowa 'ya'yansa suka sa masa manhajar. Suna tafe suna gardamar wanda wayarsa ta fi rowa wajen ƙirga. Shi kullum a baya yake, kusa da wanda ya fi rauni. Idan ya ga numfashin ladan ya yi sama, ba zai ce masa ya huta ba, sai ya tsaya a inuwa ya ce takalminsa ne ya shiga tsakuwa. Ladan ya gaya mini ranar rasuwar cewa sai da aka yi wata uku sannan ya gane babu wata tsakuwa.

Ciwon kai ya ragu. Auta tana zuwa duk wata da abin awonta, tana komawa da murmushi.

Amma kasuwa tana magana. Bayan babbar Sallah ɗan farin ya same ni a gida, ya durƙusa, idonsa ja. Wani ya ce masa a gaban mutane, shi mai sayar da babura, ubansa yana taka ƙasa kamar wanda bai haifa ba. Wani kuma ya tambaye shi ko faɗa suka yi.

"Baffa, ka roƙa mani shi. In tafiya shika so, ya zaga cikin gida. Ba ni iya ɗaga kai cikin kasuwa."

A nan ne ya kamata in ce a'a. Na ga tsofaffi a Jidda suna tafiya a bakin teku da yamma, attajirai ne, babu mai tausaya musu, babu mai zagin 'ya'yansu. Na san maganar kasuwa iska ce. Amma na saba ɗaukar saƙo ba tare da na auna shi ba, sai na ɗauka na kai.

Taubashina ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Tun da anka haife shi bai taɓa roƙona komi ba."

Na ce, "To ka kira shi ka yi masa bayani da bakinka."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Tsakar gidan kuwa ba ta fi taku goma sha biyar ba, ga turmi, ga awaki, ga surukai mata waɗanda su ma akwai kunya tsakaninsu. Ya gwada kwana biyu ya bari.

"Auta fa?" na tambaye shi. "Tana gani a wayarta."

Sai ya zaro babbar wayar ya miƙo mini. "Kai da ba ka zama wuri ɗaya. Kai ta kiwo."

Muka yi dariya. Wallahi dariya muka yi. Na ɗauke shi wasan taubasai, na kwana biyu ne kafin ƙura ta lafa. Kowace safiya bayan asuba sai in karɓi wayar in sa a aljihu, in tafi garkata, wato lambuna, a fadama, in zaga kasuwa, da la'asar in mayar. Garken nasa ya watse, don babu mai tsayawa a ƙofar ladan. Matarsa ta sani, surukai sun sani, kowa ya kama bakinsa don kada a haɗa wa da ƙanwa.

Ni na fi shi yawo, saboda haka lissafi ya hau. Auta ta ji daɗi, ta ƙara adadin. Takan kira shi a ƙaramar waya, ina zaune ina jin muryarta: "Baba, ka zama saurayi!" Shi kuma ya ce, "Madalla, madalla," yana kallon ƙasa. Ya daina dariyar.

Sau ɗaya na yi yunƙurin tsayar da abin, kuma shi ne faɗa mafi zafi da muka taɓa yi. Na ajiye masa wayar a cinya na ce ba zan ƙara ɗauka ba, ƙarya ce muke yi wa yarinya. Ya ce in ban ɗauka ba zai ɗaura wa akuya. Na ce ya ɗaura. Ya ce, "Kai ka kawo saƙon, yanzu kuma kai ka wa'azi? In na fita na kunyata wancan, in na zauna na ɓata ma wagga. Kai da kas san harshe bakwai, gaya mani da wane zan yi magana." Na fita cikin fushi, na yi kwana biyu ban leƙa shi ba. A rana ta uku na dawo, ya tura mini ƙwaryar fura da ƙafar sandarsa. Na sha, na ɗauki wayar.

Ranar da zai rasu na karɓe ta kamar kullum. Ya ce kansa yana ɗan sarawa, ya sha magani, zai kwanta. Ina fadama da hantsi aka zo aka ce ya faɗi daga kan kujera. Na taho da gudu irin na tsoho. Kafin a sami mota ya cika.

Aka kira auta. An yi ruwa, hanyar Kebbe ta lalace, ba a san lokacin da za ta iso ba, malamai suka ce kada a jinkirta. Bayan azahar muka ɗauki makara. Jama'a ta yi yawa har 'yan kabu-kabu suka ajiye baburansu suka bi a ƙasa. Aka sa shi a makwancinsa, aka jera itace, aka fara mayar da ƙasa. Babu abin da ake ji sai ƙarar magirbi da numfashin mutane.

Sai tafi ya ɓarke daga ƙirjina.

Kowa a unguwar ya san wannan tafi. Masu mayar da ƙasa suka tsaya cak. Ladan ya ja da baya yana salati, ya dubi kabarin, don daga can ya ɗauka sautin ya fito. Ni kaina sai da na dubi ramin kafin na tuna. Fadama, gudun dawowa, rakiyar makara, sun cika adadin ranar. Na cusa hannu ina lalube, ban san inda ake kashewa ba, ta yi tafinta har ta gama. Na ɗaga kai muka haɗa ido da ɗan farin. Ya gane.

A daidai lokacin auta ta iso gida. Matar marigayin ce ta ba ni labari. Ta shigo da laka har gwiwa, ta faɗi a jikin uwarta tana cewa ita ta kashe shi, ita ta yi ta ƙara masa adadi, tsoho yana wahala yana ɓoyewa don ya faranta mata. Matan suka tsaya, kowa tana kallon 'yar'uwarta. Sai wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta duba. An rubuta mata cewa Baba ya cika tafiyarsa ta yau. Ta saki wayar, ta ƙwalla ƙara da aka ji har waje.

Da muka dawo ban zauna wurin karɓar gaisuwa ba. Na yi sallama a ƙofar ɗakin uwarta, na durƙusa a bakin ƙofa, ni da na isa in haife ta, na ajiye wayar a gabanta.

"Ɗiyata, ba ke kik kashe shi ba. Takun nan nawa ne. Shi zaune yake."

Ta dube ni ba ta ƙifta ido ba. "Tun yaushe, Baffa?"

"Tun bayan babbar Sallah."

Yayanta yana tsaye a bayana, ban san ya biyo ni ba. Ya ce, "Ni nir roƙa a hana shi."

Na zaci za ta yi kansa da faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce a hankali, "Wata biyu ban zo na auna shi ba. Hanya ta ɓaci, nig ga lissafi na kyau, nic ce Baba lafiya lau shike, bari ruwa ya ɗauke. Da na san zaune shike, da na zo ko da ƙafa."

Ban taɓa jin magana ta dake ni haka ba. Duk wannan lokaci na ɗauka yabo kawai muke sata. Ashe ido muka rufe mata, ita kaɗai da take da abin awo.

Na tambaye ta, ba don na cancanci amsa ba, ko da ya ci gaba da tafiya da yana nan. Ta ce ba ta sani ba, likita ma ba zai rantse ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Ta ce abin da ta sani shi ne kowa a gidan ya so shi, kuma kowa ya yi mata shiru.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an shafa, ɗan farin ya shiga ɗakin mahaifinsa ya fito da sandar. A gaban jama'a ya kai ta wurin ladan ya durƙusa. Ya ce duk wanda ya ga tsohonsa a hanya ya ji kunya, to ya zo shago ya same shi, zai gaya masa abin da kunya ta saya masa. Bai ƙara ko kalma ba. Washegari da safe shi ne ya tsaya a ƙofar ladan. Bai iya kiran garke ba, sallama kawai ya yi, amma ladan ya fito.

Kafin auta ta koma Kebbe ta ɗaura mini abin awo a dantse ba tare da ta nemi izinina ba. Nawa ma ya hau. Ta goge sunan mahaifinta daga manhajar, ta rubuta nawa, ta miƙo mini wayar. Ta ce, "Ka saba ɗaukarta. Amma in ka zauna, Baffa, ka bari in ga ka zauna."

Na rubuta wannan don kada a tuna da shi da tafin maƙabarta kawai. A tuna da mutumin da ya san rijiyoyi, wanda yake tafiya a bayan mai rauni, wanda tsakuwa ke shiga takalminsa duk lokacin da wani ya gaji. Allah Ya sanyaya masa makwanci, Ya yafe masa, Ya yafe mana mu da muka yi shiru, Ya haɗa shi da iyayensa a inuwar da ba ta gushewa.

Yanzu mu bakwai ne muke fita bayan asuba, kowa da sandarsa a kafaɗa da wayarsa a aljihun kansa. 'Yan kabu-kabu suna gaishe mu su wuce. A unguwarmu an daina zagin ɗa don an ga ubansa yana tafiya a ƙasa, ni kuma na daina ɗaukar saƙo tsakanin uba da ɗansa.